Bikin Kaka Da Darajar Gyaɗa

Jawabi ga manoman Tofa, maza da mata

 

Kowace al'umma tana da hanyar nuna murna idan amfanin gona ya zo gida. Inyamurai suna bikin sabuwar doya a wajajen watan Agusta. A ƙauyukan ƙasar Kano kuwa, kalankuwa aka sani. Bayan an gama girbi sai samari da 'yan mata su taru a dandali. A yi kiɗa, a yi dambe da kokawa, a ci, a sha. Baƙi su zo daga garuruwan maƙwabta.

Duk wanda ya duba abincin irin wannan taro zai tarar da gyaɗa a ciki. Da ita ake kunun gyaɗa. Da ita ake miyar taushe. Daga jikinta ake samun mai da ƙuli-ƙuli. Mai tsire da mai kilishi ba sa aiki sai da ita. Harawarta kuma ita ke riƙe awaki da tumaki har damina ta faɗi. Saboda haka idan za a ware wa wani amfani rana guda a shekara, gyaɗa ta cancanta.

Gyaɗa tana da tarihi a ƙasar nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga 1912 aka fara ɗibar gyaɗa zuwa Ikko, daga can a kai ta Turai. Attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka shahara da sayenta. Aka riƙa jera buhuna har suka zama dalar gyaɗa. A shekarun 1960 Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

To, me ya faru? A 1973 aka yi babban fari. A 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki. Wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ne ke yaɗa ta. Manoma da yawa suka rasa har irin shuka, suka koma gero da dawa da wake. Dala ta ɓace.

Darasin da ke ciki shi ne, manomin da ya rasa iri ya rasa gona. Yau ba fari ko cuta kaɗai ke raba manomi da irinsa ba. Akwai hidimar kaka: biki, aure, ɗinkin sutura, biyan bashi. Sai mutum ya kwashe gyaɗarsa kaf ya kai Dawanau lokacin da kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Ruwa na sauka, sai ya koma neman iri da tsada, ko ya ci bashi.

Ga abubuwa uku da ya kamata a yi kafin a buga gangar biki.

Na farko, a ware iri. A zaɓi gyaɗa mai ƙwari, a bar ta cikin ɓawonta, a ɗora buhun a kan katako nesa da danshi. Wanda irinsa ya gaji ya tambayi malamin gona. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin da ake kira SAMNUT 24. Yana nuna cikin kamar wata uku, yana kuma jure kuturta.

Na biyu, a shanya gyaɗa ta bushe sarai, a kan tabarma ko leda. Wadda ta yi fumfuna a tsince ta a zubar. Tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Kada a yi wa yara kunu da ita, kada a ba dabba.

Na uku, a bar wa matan gida rabonsu. Mudun da aka soya, aka matse mai, aka yi ƙuli-ƙuli, ribarsa a gida take zama.

Ranar taro kuma, kowace unguwa ta kawo irinta da girkinta a gwada. Wanda nasa ya fi kyau a yaba masa, a tambaye shi yadda ya yi. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Allah Ya sa albarka a abin da aka girbe, Ya kai mu baɗi lafiya.