ZUMUNTA A ƘAFA TA KE

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-11

    Tambayar da na kawo maka yau ita ce, in ka tashi daga aiki, ƙofar wa ka ke sallama? Wa ya san sunanka a unguwarku?

A nan Domayo, cikin birnin Marwa, baƙi suna da yawa. Wani malamin makaranta ne aka aiko shi daga Duwala ko Yawunde. Wani ma'aikacin auduga ne na Sodecoton aka sauyo shi daga Garwa. Wani kuwa Jami'ar Marwa ce, wadda aka kafa a 2008, ta kawo shi. Da safe ya hau babur ya tafi aiki, da yamma ya komo, ya rufe ƙofa, ya kama wayarsa yana hira da mutanen garinsu masu nisa. Shekara biyu, shekara uku, bai san sunan mai gidan da ke jikin katangarsa ba.

Kana cewa, "Ai ina da abokan aiki." Gaskiya ne, a gode wa Allah dominsu. Amma albashi ne ya tara ku, takardar sauyi guda kuwa ta isa ta raba ku. Ran da zazzaɓi ya kwantar da kai da tsakar dare, ofis a kulle ya ke. Wanda zai ji nishinka, ya nemo babur ya kai ka asibiti, maƙwabci ne. Mu da a kan kira mu yi wa marasa lafiya addu'a, mun san ɗakin da ciwo ya fi nauyi, watau ɗakin da ba takalmin kowa a bakin ƙofa.

Me ya hana ka fita? In mun faɗi gaskiya, tsoro ne. Kana tsoron kada ka yi gaisuwa da Fulatanci a yi maka dariya. Kana tsoron kada a ce wannan baƙo me ya ke nema. Kana tsoro domin maƙwabcinka Musulmi ne kai Kirista, ko shi Bagizige ne kai mutumin kudu. Tun watan Yuli na 2015, sa'ad da bama-bamai suka tashi a Marwa suka kashe mutane, da yawa suka koyi duban baƙuwar fuska da shakka. Allah ya san wannan duka, ba ya kuwa raina tsoronka.

Dubi Manzo Bulus. Ya iso Koranti, babban birnin ciniki, shi kaɗai. Ya sami Akila da matarsa Biriskilla, sana'arsu ɗaya, ɗinkin alfarwa, sai ya zauna wurinsu suna aiki tare. Ga aiki, ga masauki, ga abokan sana'a. Da kai ne, watakila ka ce shi ke nan, ya isa. Bulus bai tsaya nan ba. Kowace Asabar ya kan ajiye allura ya tafi majami'a cikin mutane. Da aka yi masa baƙar magana a can, bai koma ɗaki ya rufe ƙofa ba, ya shiga gidan Titiyas Yustus, wanda ke jikin majami'ar. Kada ka zaci ba ya jin tsoro. Shi da kansa ya gaya wa Korantiyawa daga baya, da rawar jiki ya zo musu. Saboda haka Ubangiji ya yi masa magana da dare cikin wahayi, ya hana shi tsoro, ya tabbatar masa yana tare da shi, ya kuma sanar da shi yana da jama'a mai yawa a birnin nan. Bulus bai san su ba tukuna, amma Allah ya riga ya san su. Ya zauna shekara ɗaya da wata shida.

Ɗan'uwa, a Domayo ma haka ne. Akwai waɗanda Allah ya shirya su zama 'yan'uwanka, suna nan a bayan katanga. Ba za su faɗo maka ta rufin ɗaki ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke.

To, yaya za ka fara? Koyi daga Ubangiji kansa, cikin Yohanna sura 4. Ya gaji da tafiya, ya zauna a bakin rijiyar Yakubu da tsakar rana. Ga mace Basamariya, Yahudawa kuwa ba su cuɗanya da Samariyawa. Da me ya fara? Ya roƙi ruwan sha. Mai ba da ruwan rai ya fara da roƙo! Mu kuwa girman kai ya kan ce mana, kada ka je wurin mutane sai kana da abin ba su. Ka je kamar mai bukata. Tambayi tsohon da ke zaune gindin darbejiya yadda a ke gaisuwa, ka ce masa, "Jam na?" In ka karya harshe ya yi dariya, kai ma ka yi. Gobe shi zai fara gaishe ka.

A ƙasarmu ma an ga wannan. Fada Simon Mpeke mutumin kudu ne, daga wajen Edeya, yana cikin firistoci takwas na fari 'yan Kamaru da aka keɓe a 1935. Yana da babbar ikkilisiya a New-Bell ta Duwala, kowa ya san shi. A 1959, ya haura shekara 50, ya bar wannan duka ya zo arewa, daga baya ya zauna a Tokombere. Ba harshensa ba ne, ba abincinsa ba ne. Ya riƙa hawa duwatsu ba takalmi, yana zama da dattawa yana sauraronsu, har da masu addinin gargajiya. Ya rasu a 1975, sunan da mutanen duwatsu suka ba shi kuwa shi ne ya bi shi, Baba Simon. Ba a ba mutum sunan Baba a ofis.

Ga abin da za ka yi cikin makon nan. Ka tsaya ka gai da maƙwabci ɗaya, ka tambayi sunansa, ka riƙe. In an yi rasuwa a unguwa, ka je ta'aziyya ka zauna a tabarma, ko ba ka iya magana ba, gama zaman ya isa. In an yi suna, ka je barka. Ran Lahadi in an tashi sujada, kada ka zama na fari a bakin ƙofa. Ka tsaya, ka shiga ƙungiyar mawaƙa ko ta masu gai da marasa lafiya. Ke ma 'yar'uwa, ga zumuntar mata tana jiranki.

Amma ka yi hankali. Gidajen giya ba su da wuyar samu a Domayo, shigarsu kuwa ba ta bukatar ƙarfin hali. Abokin kwalba yana nan muddin aljihu yana da nauyi. In wata ya yi nisa, nemi shi ka gani.

Kai kuma ɗan gari, wanda aka haifa a nan, kana da dangi ko'ina: baƙon nan da ke wuce ka kowace safiya kansa a sunkuye, watakila ba girman kai ba ne, kunya ce. Kai ka fara.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka aiko Ɗanka ya zauna cikinmu kamar baƙo, ka cire mana tsoron mutane. Ka ba mu ƙafar zuwa wurin maƙwabci, da bakin gaisuwa, da zuciya mai tawali'u. Ka nuna mana jama'arka da ka ajiye mana a garin nan. Cikin sunan Yesu. Amin.