Waya Na Jone, Batir Na Sauka

A Amurka da Ingila masu ƙararrawar ƙofa mai kyamara da batir, irin ta Ring, kan yi gunaguni: an jona ta da wayar wutar gida, amma batir sai sauka yake. To, wayar ba ita ke riƙe da na'urar ba. 'Yar wuta ce take ɗiga wa batir a hankali. Idan ƙofar na kallon titi, ko kyanwa ta gifta kyamara ta farka, abin da na'urar ke sha ya zarce abin da ke shiga. Ga hunturu: sanyi na kaiwa sifiri, batirin ya ƙi karɓar caji sai ya yi ɗumi. A ganina, kafin a zargi mai gyaran wuta, a rage filin da kyamarar ke sa wa ido.