Jawabi Kan Inshorar Lafiya da Duba Marar Lafiya Daga Gida



Iyayenmu da suka baro Kano, Katsina da Zariya suka zauna a Bauchi yanzu sun manyanta, da yawansu na fama da hawan jini da ciwon suga. Sai a kai dattijo asibiti tun asuba, ya yini a layi, don awon da bai wuce minti biyar ba. Ranar da babu kuɗin mota kuwa sai a haƙura, har abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Akwai mafita. A Amurka, shirin Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi yana biyan kuɗin duba marar lafiya daga nesa a jihohi da dama: a ba shi na'urar awo a gida, sakamakon ya isa wurin likita ta waya. Irin wannan muke roƙon BASHCMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharmu, ta duba.

Amma sai mun shiga tsarin tukuna. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga duk mazaunin Nijeriya, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Don haka kada rashin takardar ɗan asalin jiha ya hana kowa zuwa neman rajista.

Kafin nan, kowace unguwa a haɗa kuɗi a sayi na'urar awon jini. Wanda awonsa ke yawan kai 140/90, a gaggauta kai shi ga likita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.