Akwati da Zare: Koyon Sarrafa Hoto Nan Take da Makomar Zanen Birnin Kano



Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali cikin birnin Kano ya san cewa makaɗin kalangu ba ya zuwa da kiɗansa a ƙunshe. Idan mai rawa ya sassauta, sai ya sassauta masa. Idan wani mai hali ya shigo, sai ya juya ya kama takensa. Hoto mai motsi kuwa, tun zuwansa ƙasar nan, ba haka halinsa yake ba. Da majigin da Turawan mulki suka riƙa haskawa a filayen gari, da siliman Rex da aka buɗe a Kano a 1937, da fim ɗin Turmin Danya na 1990 wanda ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo na Hausa, duk abu ɗaya ya haɗa su, watau an gama aikin hoton kafin mai kallo ya zauna. Ko ya yi tafi, ko ya yi tsaki, abin da aka ɗauka shi zai gani.

Wannan lacca ta shafi wani fanni da ya sauya wannan al'amari. A cikinsa kwamfuta ke ƙirƙirar hoto a daidai lokacin da ake kallonsa, tana kuma canja shi gwargwadon sauti ko motsin jama'ar da ke wurin. Manufar laccar ita ce a nuna cewa hanyar koyon fannin ta dace da tunanin masu sana'a na birnin nan, kuma birnin yana da buƙata da shi.

Asalin Fannin

A bisa al'ada, ana ba kwamfuta umarni ne da rubutu, layi bayan layi, cikin wasu harsuna masu tsauraran ƙa'idoji, inda ɗigo ɗaya tak ya isa ya ɓata aiki. Amma akwai wata hanya ta biyu, wadda ake zana umarnin maimakon a rubuta shi. Mai aiki yakan jera akwatuna a fuskar kwamfuta, kowane da aikinsa guda, sa'an nan ya ja zare daga bakin wannan zuwa kunnen wancan. Bayani ya riƙa bin zaren, yana shiga akwati da wata kama, yana fita da wata.

Wannan dabara ta samo tushe daga na'urorin da ake haɗawa da wayoyi na zahiri. Tsakanin 1971 da 1973, Dan Sandin ya ƙera wata na'urar sarrafa bidiyo a birnin Shikago na Amurka, wadda ake canja aikinta ta hanyar zare waya daga nan a soka can, ya kuma ba da taswirar ƙirarta kyauta ga duk mai son ya kwaikwaya. A cikin shekarun 1970 ɗin ne kuma Myron Krueger ya shirya aikinsa mai suna Videoplace, inda inuwar mai kallo ke bayyana a allo tana wasa da zanen kwamfuta. A tsakiyar shekarun 1980, Miller Puckette ya mayar da wayoyin nan zane a cibiyar binciken kiɗa ta IRCAM da ke Faris, ya sa wa manhajar suna Max, don girmama Max Mathews, wanda ya sa kwamfuta ta fid da sautin kiɗa a 1957. A 1996 Puckette ya sake fitowa da wata mai suna Pure Data, wadda kowa ke iya ɗauka ba tare da biyan ko kwabo ba. Daga baya aka sami vvvv daga Jamus, da TouchDesigner daga kamfanin Derivative da aka kafa a Toronto ta Kanada a 2000. Sunayen sun bambanta, amma tunanin ɗaya ne.

Yadda Aikin Yake

Wanda ya san lambu ya riga ya san rabin karatun. Mai lambu ba ya ɗaukar ruwa ya kai wa kowane tsiro. Hanya yake gyara wa ruwan, ya buɗe bakin wannan fangali, ya toshe wancan, ruwa ya bi inda aka tsara masa. Haka mai wannan aiki yake yi, sai dai abin da ke gudana a magudanarsa lambobi ne.

Dalili kuwa shi ne, a wurin kwamfuta hoto ba kome ba ne illa lambobi. Hoto mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin ɗigo 1080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600, kowane ɗigo kuma yana da lambobi uku, na ja da kore da shuɗi, waɗanda galibi ke tsakanin 0 da 255. Tsarin talabijin da Nijeriya ta gada yana nuna hoto 25 cikin daƙiƙa ɗaya, ke nan kowane hoto yana da kashi 40 cikin 1000 na daƙiƙa. Idan ana son 60 a daƙiƙa, lokacin ya ragu zuwa ƙasa da kashi 17. Mai tace fim yana iya barin kwamfuta ta kwana tana harhaɗa fitowa ɗaya. Mai aikin nan take ba shi da wannan sarari. Duk lissafin da bai ƙare cikin wa'adinsa ba, idon mai kallo zai gan shi a matsayin tuntuɓe.

Alal misali, a ce ɗalibi yana so ya sa dagi ya yi rawa da kalangu. Akwatin farko ya karɓi sauti daga makirfo. Zare biyu su fita daga gare shi, ɗaya zuwa akwatin da ke auna ƙarfin sauti, ɗaya zuwa mai auna kaifinsa. Ƙarfin ya tafi ga akwatin da ke ƙayyade girman dagi, kaifin ya tafi ga mai zaɓen launi. Da zarar makaɗi ya matse tsirkiya a hammata, murya ta hau, sai dagin ya tashi daga baƙin shuɗi irin na karofi zuwa fari. Idan ya saki, ya koma. Idan kuma motsin jama'a ake so ya ja ragamar, sai a sa kyamara, a ɗebe lambobin hoton da ya wuce daga na yanzu. Inda babu motsi, sakamakon sifiri ne, watau baƙi. Inda hannu ya gifta, nan haske zai bayyana. Wannan ɗan lissafi na ɗebewa shi ne ginshiƙin ayyuka masu yawa da ke ba mutane mamaki a manyan biranen duniya.

Matakan Koyo

Mataki na farko shi ne ɗalibi ya fara da ƙaramin abu, kamar yadda ɗan koyon ɗinki ba ya farawa da aska takwas. Akwati uku sun isa darasin ranar farko: mai ƙirga lokaci, mai ƙirga lamba, da mai zana da'ira.

Na biyu, ya koyi jerin aukuwa. A cikin Pure Data, alal misali, kunnen hagu na akwati shi ne ke tayar da lissafi, sauran kunnuwan ajiye lamba kurum suke yi. Wanda bai kiyaye wannan ba zai ga amsarsa kullum tana baya da taki ɗaya, ya rasa dalili.

Na uku, ya saba da tsabtar aiki. Sauƙin jan zare yana da tarko, domin kafin a ankara fuskar kwamfuta ta zama kamar saƙar gizo-gizo, har mai ita ya kasa gane ta bayan mako guda. Maganin wannan shi ne a tattara akwatunan da ke aiki ɗaya a cikin babban akwati, a raɗa masa suna.

Na huɗu, kada a ruɗe shi cewa zane ya kore lissafi. Wahalar nahawun rubutu kaɗai aka ɗauke masa. Kusurwa da kaso da ma'auni suna nan daram. A nan ne ɗan birni ke da rinjaye, domin mai zayyana da magini da maɗinkin hula duk da ma'auni da maimaici suke aiki, ko da ba su kira su da sunan boko ba.

Na biyar, ya gwada aikinsa a fili, gaban mutane. A can ne zai gane cewa hasken rana yana kashe na majigi, ƙurar hunturu tana toshe na'ura, wutar lantarki kuma tana iya ɗaukewa ana tsakiyar wasa, saboda haka dole aikin ya iya tashi da kansa idan ta dawo.

Abin da Birni Zai Samu

Tarihi ya nuna cewa an aza harsashin ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. A 2007 aka shigar da ita cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su, a 2024 kuma hukumar ta sa hawan daba na Kano cikin al'adun gado na duniya. Duk da haka, badala ta zaizaye a wurare da dama, an ci wani sashe nata da gini, gidajen tubali masu zane a goshi kuma suna ta komawa bulo da siminti. Duk zauren da aka rushe, da zanensa yake tafiya.

Ɗaukar hoton zane a ajiye abu ne mai kyau, amma ajiya ce kurum. Wanda ya gina dagi da akwati da zare kuwa, tilas ya gano ƙa'idar da ta haife shi: zare nawa ne, ina ya hau, ina ya nutse, sau nawa ya maimaita. Ƙa'idar nan ita ce ilmin da ke kan maginin, ita ce kuma ke mutuwa tare da shi idan ba a tambaye shi ba. Daɗin daɗawa, haske ba ya cin gini. Birnin Liyon na Faransa yakan haska zane a kan tsofaffin gine-ginensa kowane watan Disamba, jama'a su yi cincirindo, ba tare da an taɓa dutse ɗaya ba. Bangon Gidan Makama ko bakin marinar Ƙofar Mata ba su gaza wannan ba, muddin an nemi izinin masu wurin, an kuma kiyaye mutuncin unguwa.

Kammalawa

Abin da ake nema daga jami'a bai taka kara ya karya ba: ɗaki guda, kwamfutoci kaɗan, majigi ɗaya, da manhajar da ba a saye. Abin da ya fi wuya shi ne a zaunar da ɗalibin kwamfuta da magini da makaɗi a tabarma ɗaya, kowa ya ɗauki ɗan'uwansa malami. Idan aka yi haka, yaran birni za su tashi daga sahun masu kallon hoton da aka gama a wata ƙasa, su koma masu yin nasu, da zanen kakanninsu, a gaban jama'arsu. Idan kuwa aka yi jinkiri, na'urar za ta iso ko ba jima ko ba daɗe, amma sai ta tarar babu sauran wanda za a tambaya.