Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara



Abin da za mu tattauna yau shi ne manhajar haya, watau wadda a kan biya kuɗinta na wani wa'adi, in ya cika ta daina aiki. Da yawa daga cikinmu za su kama aiki a ma'aikatu da bankuna, inda manyan kwamfutoci ke lissafin albashi da ajiyar jama'a, saboda haka batun ya shafe mu.

A da can, kamfanin IBM na Amurka ya kan haɗa na'ura da manhajarta a kuɗi guda. A shekarar 1969 ya raba su, daga nan manhaja ta zama hajar kasuwa mai zaman kanta, ana biyan kuɗin yawancinta wata-wata ko shekara-shekara.

To, ta yaya mai haja ke tsare wa'adinsa? Ya kan ba da mabuɗi, watau jerin haruffa da lambobi wanda ya ƙunshi lambar shaidar na'urar da ranar ƙarewa. Duk sa'ad da manhajar za ta tashi, sai ta tambayi na'urar lambarta, ta kuma dubi agogonta. Manhajar SAS, alal misali, ana sabunta ta kowace shekara. In ranar ta wuce sai a ɗaga ƙafa na wasu kwanaki, gargaɗi ya biyo baya, daga bisani ta ƙi tashi.

Wani zai ce a mai da agogon baya mana. Ai da agogon nan ake rubuta lokacin kowane ciniki, wanda ya taɓa shi ya dagula littattafansa, ya kuma karya yarjejeniya. Haka nan in gobara ta sa aka koma wata na'ura, tsohon mabuɗi ba zai buɗe ba, sai an nemi na gaggawa.

Ikon mai haja kuwa babba ne. A shekarar 1990, kan rikicin biyan kuɗi, kamfanin Logisticon ya kashe manhajarsa ta wayar tarho, rumbunan kayan Revlon biyu suka tsaya cik kwana uku.

Don haka, ranar da aka kawo mana takarda mu sa hannu, mu tambaya: yaushe wa'adi ke cika, kwana nawa ake ɗaga ƙafa, wa ke ba da mabuɗin gaggawa, kuma za mu iya fitar da bayananmu in mun rabu? Albashin dubban ma'aikata na iya rataya a kan amsoshin nan.