Itatuwanmu na Gado: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



An umurce ni da in yi magana a kan itatuwanmu na gado. Duk wanda ya bi hanyar Rano zuwa Kibiya zai ga ɗorawa da kuka da tsamiya a gonaki. Amma ku lura da kyau: akasarinsu tsofaffi ne, da wuya ka ga ƙarama a gefensu. Wannan shi ne abin tsoron. Ran da suka faɗi, babu magada.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Fari na 1973 da na 1984 sun kashe da yawa. Birnin Kano yana cin itacen girki da gawayi dare da rana, marke da ƙirya kuwa su aka fi so. Wadda ta tsiro, garma ta tumɓuke ta, ko akuya ta cinye ta da rani.

In an tashi dashe kuma, sai darbejiya da turare. Ba na kushe su, suna ba da inuwa da katako. To, amma darbejiya ba ta ba uwayenmu mata kalwar daddawa, turare ba ya ba da man kaɗe. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa dawa rana. Da rani dabbobi su ci 'ya'yansa, su bar taki a gindinsa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna mana hanya. Tun daga 1983, tare da wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, manoma suka daina ƙone kututture lokacin sharar gona. Sukan zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran. Saiwar tana nan da ranta, saboda haka babu ban ruwa. Ta haka aka farfaɗo da kadada kusan miliyan 5 a kudancin Nijar.

Ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, kowannenmu ya gaya wa masu noma gonarsa su bar tofon gawo da kanya da kaɗanya, a kuma kewaye su da ƙaya. Na biyu, mu ɗauki nauyin wurin renon itatuwa a makarantarmu, ɗalibai su shuka ɗorawa da tsamiya. A jiƙa irin a ruwan zafi tukuna, don ɓawonsa na da tauri.

Kaɗanya takan kai shekara 15 kafin ta yi 'ya'ya. Malamanmu da ke zaune a nan sun san irin wannan jira, don a kanmu suka yi shi.

Allah Ya sa ya zama sadaka mai gudana.