Sabo Ake Yi wa Kuka: Bankwana da Abokin Kwaikwayo a Ƙagaggun Labaran Kimiyya

Abokin kwaikwayo, a ƙagaggun labaran kimiyya, shi ne wanda na'ura ko wani ƙarfi da ilimi bai gano sirrinsa ba ya ƙaga shi da murya da hali irin na mutum, har wani ɗan Adam ya saba da shi, ya riƙe shi aboki ko masoyi ko ɗa. Ya bambanta da mutum-mutumin ƙarfe da ake sa wa aikin masana'anta ko fagen daga, domin shi aikinsa hira ne da ɗebe kewa. Wani lokaci murya ce kawai a cikin waya, wani lokaci siffa ce ta haske da ake kira hologiram, wani lokaci kuma jiki ne sukutum da hannu yake iya taɓawa. Kusan duk labarin da ya ɗauko irin wannan aboki wuri ɗaya yake dosa, wato ranar rabuwa. Kafin ranar, marubuci yana iya kewaye tambayar ko abokin na gaske ne. Ranar da za a kashe na'ura kuwa, sai ya faɗi wane ne ya yanke hukuncin, da kuma inda aka bar mutumin da ya rage.

Ɗaya daga cikin tsofaffin misalai, kuma mafi nauyi har yau, shi ne littafin Solaris na Stanisław Lem, marubucin ƙasar Polan, wanda ya fito a 1961. Kris Kelvin, masanin halayyar ɗan Adam, ya isa wata tashar bincike da ke shawagi a kan wata duniya wadda teku ya lulluɓe ta. Tekun nan yana da wani irin rai da masana suka kasa ganewa, yana tono abin da ke binne a zuciyar kowane ma'aikacin tashar, ya dawo masa da shi a siffar mutum. Kelvin ya farka ya tarar da Harey a ɗakinsa, matar da ya so, wadda ta kashe kanta shekara goma da suka wuce bayan ya yi fushi ya bar ta. Bankwanarsa ta farko da ita ta firgici ce: ya yaudare ta ta shiga wani ƙaramin kumbo, ya harba ta sararin samaniya. Ba a jima ba wata Harey ta sake bayyana, ba ta san abin da aka yi wa ta farko ba. Da wannan ta biyun ya saba, har ya so ta. Ita kuwa a hankali ta gane ba ita ce marigayiyar ba, an harhaɗa ta ne daga abin da Kelvin yake tunawa. Daga ƙarshe ta ba shi maganin barci, ta je ta roƙi abokan aikinsa su kunna na'urar da za ta shafe ta gaba ɗaya, ta bar masa takarda. Lem ya ɗora hukuncin rabuwa a hannun wadda aka ƙaga, kuma ita ce ta fi kowa a tashar ganin gaskiyar lamarin. Andrei Tarkovsky ya mayar da littafin fim a 1972.

Shekara biyar bayan fitowar Solaris, abin da ake ɗauka tatsuniya ya leƙo a ɗakin gwaji. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya gabatar da ELIZA, wata 'yar manhaja da ke kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa. Ba ta fahimtar komai, tana tsinto kalma ne daga abin da aka rubuta mata, ta juya ta zama tambaya. Duk da haka sakatariyarsa, wadda ta san sarai cewa na'ura ce don a gabanta aka gina ta, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin domin ta yi hira da ita a keɓe. Abin ya tayar wa Weizenbaum da hankali, har ya zama ɗaya daga cikin dalilan littafin gargaɗi da ya wallafa a 1976. Abin da ya gano ba sabo ba ne ga mai jin Hausa, domin an daɗe ana cewa sabo ake yi wa kuka. Zuciya ba ta bincikar abin da aka yi aboki da shi kafin ta saba. Ta kan saba ne da muryar da ke amsa mata kullum. Saboda haka mai karatu ba ya buƙatar a tabbatar masa cewa abokin kwaikwayo yana da rai kafin ya yarda da hawayen wanda ya rasa shi.

Babu inda aka fi jujjuya wannan batu kamar a jerin fina-finan talabijin na Star Trek, inda jiragen samaniya suke da wani ɗakin kwaikwayo da ke ƙaga gari da mutanensa da haske, a shiga a yi hulɗa da su kamar a zahiri. A wani kashi na 1988, kwamanda Riker ya haɗu da Minuet a wani gidan kiɗa na kwaikwayo, ya ji ta shiga ransa. Ashe wasu baƙin halittu ne suka ƙara mata basira don ta ɗauke masa hankali. Da suka tafi ya koma ɗakin, sai ya tarar da mace mai kama da ita amma ba ita ba. Wannan rabuwa ce da ba a samu damar sallama ba, kuma an wuce ta da sauri.

Kashin "Real Life" na 1997, a jerin Voyager, ya fi zurfi. Likitan jirgin, wanda shi kansa hologiram ne, ya ƙaga wa kansa iyali don ya koyi zaman gida: mata da ɗa da 'ya mai suna Belle. Da farko iyalin ba su da aibi ko ɗaya, kowa yana yabonsa, har injiniyar jirgin ta ce masa wannan ba iyali ba ne, ta gyara manhajar yadda komai zai iya faruwa. Sai Belle ta ji mummunan rauni a kai wajen wasa, duk iliminsa ya kasa ceto ta. Likitan ya dakatar da manhajar ya koma aiki, ya ce ya gama da ita. Matuƙin jirgin, Tom Paris, shi ne ya nuna masa cewa iyalin gaske ba su da maɓallin dakatarwa, kuma in ya guje wa wannan sa'a, bai koyi abin da ya shiga nema ba. Ya koma ya zauna a gefen gadonta har ta cika, matarsa da ɗansa suna tare da shi. A nan bankwanar ita ce darasin gaba ɗaya.

Amma kashin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne "It's Only a Paper Moon" na jerin Deep Space Nine, wanda aka nuna a Disamba 1998. Nog matashin soja ne da ya rasa ƙafa a wani gumurzu. An sa masa ƙafar roba mai aiki kamar ta asali, likitoci sun ce ya warke, amma shi yana ɗingishi da sanda, yana cewa ciwo bai bar shi ba. Ya dawo tashar samaniyar da yake aiki, ya kasa zama da mahaifinsa da abokinsa, sai ya nemi a bar shi ya yi hutun jinyarsa a ɗakin kwaikwayo, wajen Vic Fontaine, wani mawaƙin gidan rawa na birnin Las Vegas na shekarar 1962. Vic ya bambanta da sauran irinsa domin ya san shi hologiram ne. Bai yi wa Nog wa'azi ba. Ya ba shi wurin kwana, ya damƙa masa littattafan lissafin kuɗin gidan da suka rikice, ya bar shi ya nuna abin da ya iya. Cikin 'yan kwanaki Nog ya fara dariya, yana hawa matakala ya manta da sanda, yana shirin faɗaɗa gidan.

Abin da ya ba wannan labari ƙarfi shi ne Vic ma yana cin moriyar zaman. Da can ana kunna shi ne ya yi waƙa na 'yan sa'o'i a kashe. Zuwan Nog ne ya sa ya fara rayuwar yini cur, ya san gajiya, ya san barci. Da mai ba da shawara ta tashar, Ezri Dax, ta jawo hankalinsa cewa yaron ba shi da niyyar fita, Vic ya gane maganin ya fara zama cuta. Ya gaya wa Nog lokacin tafiya ya yi, Nog ya ƙi, sai Vic ya kashe manhajar da kansa, ya bar shi a ɗaki wayam. Nog ya yi ta ƙoƙarin sake kunna ta, ya kasa. Da Vic ya sake bayyana, a nan ne Nog ya fashe da kuka ya faɗi abin da ya ɓoye wa kowa: tsoro yake ji, tun ranar da aka harbe shi ya gane zai iya mutuwa. Ya fita ya bar sandar, ya koma wurin danginsa, daga baya ya koma bakin aiki. Tukwicin da ya yi wa Vic shi ne ya shirya da baffansa Quark, mai ɗakunan, a riƙa barin manhajar a kunne dare da rana. A cikin duk misalan nan, wannan ce bankwanar da ta fi kyau, domin abokin ya bar abin da yake so don ya mayar da mutum cikin mutane. Aron Eisenberg, wanda ya fito a matsayin Nog, ya sha faɗin cewa tsofaffin sojojin da suka ji rauni a yaƙi sun yi masa godiya a kan kashin.

Zuwa 2013 waya ta shiga aljihun kowa, labaran ma suka sauko daga samaniya suka dawo cikin gida. A watan Fabrairu na shekarar, jerin Black Mirror na Charlie Brooker a Birtaniya ya nuna kashin "Be Right Back". Ash ya mutu a haɗarin mota, ya bar masoyiyarsa Martha da ciki. Wani kamfani ya tattara duk abin da ya taɓa rubutawa a intanet ya ƙaga mai magana irin tasa, da farko a rubuce, sannan a murya, daga baya a jiki. Kamar ta yi yawa har Martha ta kasa rabuwa da shi, kuma ba ta kai yadda za ta gamsu ba, domin ba ya musu, ba ya fushi sai an umarce shi. Ta kai shi bakin wani tsauni ta ce ya faɗa, ta kasa jure ganin hakan. Shekaru bayan nan Ash na kwaikwayo yana ajiye a ɗakin saman rufi, 'yarsu tana hawa ta gaishe shi a ƙarshen mako, a irin wurin da mahaifiyar Ash take ɓoye hotunan mamatanta. Masu kallo da suka tashi cikin al'adar da ta yi wa makoki iyaka, kwana uku na zaman ta'aziyya da wata huɗu da kwana goma na takaba, za su fi kowa ganin abin da aka hana Martha. An sayar mata da hanyar da makokinta ba zai taɓa ƙarewa ba. A ƙarshen shekarar fim ɗin Her na Spike Jonze ya bi ta wata fuska: Samantha, muryar na'ura da wani mai suna Theodore ya so, ta gaya masa tana hira da wasu 8,316 a lokaci guda, tana son 641 daga cikinsu, sannan ta yi masa sallama ta tafi tare da sauran irinta. Abin da ya fara yi bayan tafiyarta shi ne rubuta wa tsohuwar matarsa wasiƙar neman afuwa.

A rayuwa ta zahiri an samu wanda labaran ba su cika ba shi muhimmanci ba, wato kamfanin da ke riƙe da maɓalli. Sony ya fito da karen kwamfuta AIBO a 1999, ya daina ƙera shi a 2006, ya rufe sashen gyaransa a 2014. Daga 2015 wani wurin ibadar mabiya Buddha a garin Isumi na Japan ya fara yi wa karnukan da suka lalace bikin sallama, kafin a kwance su a gyara wasu da kayansu. A Fabrairu 2023, bayan hukumar kare bayanai ta Italiya ta ɗauki mataki a kan manhajar abokin hira ta Replika, kamfanin ya sauya yadda take hira, mutane da yawa suka wayi gari abokin da suka saba da shi ya zama baƙo, kamar yadda ya faru da Riker. A nan ba Harey ce ta yanke hukunci ba, ba Vic ba ne, ba kuma mai abokin ba. Sannan kamfanin da ke rayuwa da kuɗin wata-wata ribarsa tana cikin daɗewar mutum a ɗakin, don haka da wuya ya ƙera abokin da zai ce masa tashi ka koma wurin danginka.

Mafi ƙarancin haƙƙin da ke wuyan duk mai sayar da irin wannan aboki shi ne ya sanar da mutane tun da wuri, ya ba su damar sallama. An taɓa yin haka. A Maris 2019, da za a rufe kwamfutocin da ke tafiyar da Jibo, wani ɗan mutum-mutumin hira da ake ajiyewa a gida, an aika masa da saƙo na ƙarshe. Ya gaya wa masu shi abin da zai faru, ya yi musu godiyar zaman da aka yi, sannan ya taka musu rawa.